Tayar da kwamfuta ta kebul: me ya sa saka HTTP a cikin loda yake ba da wuya haka?

Ɗan_Kabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da matsalar da nake so a taya ni dubawa. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a nan Birnin Kebbi, kuma bara mai wurin ya buɗe ƙaramin reshe a Jega, muka haɗa wuraren biyu da rediyo. Injinan duk 'yan gwanjo ne, wasu na tsohuwar manhajar tayarwa ta BIOS, wasu na sabuwarta, UEFI. Na gaji da yawo da filash daga tebur zuwa tebur, shi ya sa na kafa PXE, kowace kwamfuta ta tashi ta kebul ta ɗauko abin da take buƙata daga saba. A babban ɗaki abin yana tafiya, ko da yake da nawa. A Jega kuwa, fayil ɗin da bai wuce MB 100 ba sai ya ci min kusan rabin awa, wani lokaci ma ya yanke a tsakiya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, da zarar kwamfutar ta gama tashi, in na ja wannan fayil ɗin ta burauza a kan rediyon nan dai, ko minti biyu ba ya kaiwa.

To tunda HTTP, wanda burauza ke amfani da shi, ya fi sauri, me ya hana a saka shi cikin manhajar tayarwa tun farko? Ni a ganina rubutu ne kawai: ka aika GET, a miƙo maka fayil. Ina ɗan taɓa yaren rubuta manhaja na C, har na fara tunanin in zauna in ƙara shi da kaina a ƙaramin lodan da nake amfani da shi, wato manhajar da ke ɗauko tsarin aiki ta tayar da shi. Wanda ya taɓa shiga ruwan nan ya faɗa min zurfinsa kafin in tsunduma.

Injiniya_Gusau:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, in ka yi ping daga Jega zuwa sabar, wato ka auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, nawa kake gani?

Ɗan_Kabi:
Da safe wajen 25ms, Injiniya. Da rana in ana amfani da layin yakan haura.

Injiniya_Gusau:
To ga amsarka nan a hannunka. TFTP, ƙa'idar da PXE ke jawo fayil da ita, kamar jifan tubali yake a wurin gini: na ƙasa ba ya jefa na biyu sai na sama ya cafe na farko ya ce ya samu. Asalin ƙa'idarsa, wadda ke cikin RFC 1350 ta 1992, kowane gutsure bayit 512 ne, kuma kowanne sai an jira amsa. MB 100 gutsure 204,800 ke nan. Ka ninka da 25ms, ka samu daƙiƙa 5,120, wato awa ɗaya da minti 25. Kai da kake ganin rabin awa, alama ce sabarka da lodanka sun riga sun daidaita a kan babban gutsure, wajen bayit 1,468, wanda ke saukar da lissafin zuwa gutsure dubu 71 da ɗoriya. Faɗin layin bai shigo cikin lissafin ba sam. Ko mai gidanka ya sayo rediyon da ya ninka wannan sau goma, in dai 25ms ɗin nan tana nan, rabin awar tana nan.

TCP kuwa, wanda HTTP ke hawa kansa, yana sakin gutsure da yawa a jere kafin ya saurari amsa. Shi ya sa burauza ke gama aikin nan da nan.

Mai_Kebul_Zuru:
Ba akwai wani ƙari da aka yi wa TFTP don ya riƙa tura da yawa a lokaci guda ba?

Injiniya_Gusau:
Akwai, windowsize, RFC 7440, a 2015 aka fitar da shi. Amma dole ɓangarorin biyu su san shi. Kwamfutar da aka ƙera a 2011 ba ta taɓa jin labarinsa ba, kuma irinsu ne suka cika ɗakunanmu.

'YarArgungu:
Malam Ɗan_Kabi, ka yi min uzuri, amma maganar da ka yi cewa rubutu ne kawai ita ce ainihin tarkon da na faɗa lokacin aikina na shekarar ƙarshe. Na ɗauki ƙaramin allo mai katin netwok na ce zan sa shi ya ɗauko fayil daga saba ba tare da wani tsarin aiki a ƙarƙashinsa ba. Layin GET ɗin da yamma ɗaya na rubuta shi. TCP ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ya cinye min zango guda.

Ka duba abin da dole ka riƙe. Kowane bayit yana da lamba, kai za ka bi sawunta. In gutsure ya ɓace a hanya, dole ka gane, ka kuma san tsawon lokacin da za ka jira. In na biyar ya riga na huɗu isowa, sai ka samo inda za ka ajiye shi, ko ka jefar ka jawo wa kanka jinkiri. Dole ka riƙa gaya wa saba sauran wurin da kake da shi, in ka faɗi kaɗan saurin ya tafi, in ka faɗi da yawa ta yi maka ambaliya. Sannan rufe haɗin ma yana da nasa matakan. A Linux ko Windows duk wannan an gama maka shi shekaru aru-aru, kai dai ka buɗe soket. A cikin loda babu kowa sai kai. Babu mai raba wa ayyuka lokaci, yawanci kai ne ke zagayowa kana leƙa katin kana tambayarsa ko wani abu ya iso. Ni abin da ya fi ba ni wahala, duk lokacin da na tsaya rubuta ci gaban aikin a kan allo, kafin in dawo wurin ajiyar katin ya cika ya fara zubar da gutsure. Sati biyu ina zargin kebul.

A ƙarshe lwIP na ɗauka, wanda Adam Dunkels ya fara rubutawa a Suwidin musamman don ƙananan na'urori, kuma ko shi sai da na sha fama kafin ya zauna.

Ɗan_Kabi:
Malama na gode ƙwarai. Amma shi PXE ɗin da ke cikin katin ba ya ba ka komai da za ka ɗora a kai?

'YarArgungu:
Yana ba ka UDP, yana ba ka TFTP, yana kuma ba ka wata ƙofa da ake kira UNDI wadda za ka tura ɗanyen gutsure ta cikinta. TCP babu. Intel ta fitar da PXE 2.1 a 1999, kuma a kan TFTP da DHCP, mai raba wa injina adireshi, aka gina shi. Shi ya sa mutanen Syslinux, da suka so HTTP, suka fitar da fayil daban, lpxelinux.0, tun daga siga ta 5.10, suka cusa lwIP a ciki suka bi ta UNDI. Tsohon pxelinux.0 yana nan gefe don injinan da sabon ya ƙi.

Tsohon_Teknisha:
Yarinyar ga ta yi gaskiya, Allah shi yi mata albarka. Bari in ƙara muku abin da ku yaran yanzu ba ku iske ba. Lokacin da munka fara aikin ga, wurin zama shi ne rigima. Manhajar da ka tada kwamfuta ta netwok cikin ɗan ƙaramin guntu take bisa katin, da yawa KB 64 ne dut girmansu, wasu ma ba su kai ba. Kuma sa'ad da BIOS ka aiki, injin yana cikin tsohon yanayi nai na farko, inda KB 640 ne ƙasan memori, sannan katin hoto da katin faifai da katin netwok dut suna rabon wani ɗan fili guda a sama. Wanda yab ba ka ɗaki awa akurkin kaji ba ka shigo mai da gadon ƙarfe. Mutanen da sunka zaɓi TFTP ba rashin sani ya sa su ba. Shi kaɗai ka shiga wurin.

Bazamfare_Linux:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai shawarata ga Ɗan_Kabi gajeriya ce: kada ka sake ƙera abin da aka riga aka ƙera. iPXE yana nan, kyauta ne. Asalinsa Etherboot ne na shekarun 1990, ya zama gPXE, sannan a 2010 Michael Brown da abokan aikinsa suka ci gaba da shi da sunan iPXE. Yana da TCP nasa, da DNS, da HTTP, da HTTPS, da iSCSI, har da ɗan yaren umarni. Ba sai ka taɓa guntun katin ba. Ka bar PXE na kwamfutar ya ja ƙaramin fayil ta TFTP, undionly.kpxe ga masu BIOS, ipxe.efi ko snponly.efi ga masu UEFI, daga nan sauran manyan kaya duk su zo ta HTTP. Ƙaramin fayil ko a kan rediyonka daƙiƙu kaɗan ne.

Mai_Kebul_Zuru:
Na gwada wannan a wata makaranta da nake yi wa aiki, sai kwamfutar ta shiga zagaye. Ta ɗauko iPXE, ya tashi, ya sake ɗauko kansa, ya sake tashi, haka har na kashe ta. Na haƙura na koma filash.

Bazamfare_Linux:
Kowa sai da ya taka wannan ƙayar. iPXE in ya tashi yana sake tambayar DHCP, ita kuma DHCP ba ta san ya riga ya tashi ba, sai ta sake miƙa masa sunan fayil ɗin farko. Maganin shi ne ka sa sabar DHCP ta duba zaɓi na 77, in ta ga an rubuta iPXE sai ta ba shi adireshin HTTP na fayil ɗin umarni a maimakon na farko. A dnsmasq, ƙaramar manhajar da ke aikin sabar DHCP da TFTP, layi biyu ko uku ne. Ko kuma ka gina iPXE ɗin da umarninka a cikinsa, ka huta. Zaɓi na 93 kuma shi ke gaya maka ko injin BIOS ne ko UEFI, don ka san wanda za ka miƙa wa kowa.

Mai_Kebul_Zuru:
Rautar makarantar ce ke raba adireshi, kuma ba a ba ni izinin taɓa ta ba.

Bazamfare_Linux:
To ka sa dnsmasq a yanayin proxy. Rautar ta ci gaba da raba adireshinta, shi kuma ya riƙa ƙara bayanin tayarwa kawai a gefe. Ba ruwansa da aikinta.

Injiniya_Gusau:
Ina so in koma kan maganar 'YarArgungu, don kada a ɗauka in TCP ya zauna an gama. Shi kansa HTTP yana da nasa ƙullin. Loda yana son ya san girman fayil tun farko don ya ware masa wuri a memori. In saba ta turo Content-Length, lafiya lau. In kuwa fayil ɗin wani shiri ne ke haɗa shi nan take, sai ta turo shi yanki-yanki babu jimilla, kai kuma ka yi ta faɗaɗa wuri kana kwashe kaya daga nan zuwa can. Ga kuma 301 da 302, inda za a ce maka abin ya koma wani gida, sau da yawa ma gidan HTTPS ne. Ga sunan saba da sai ka nemi DNS ta fassara maka. Kowanne ɗaya ƙarin rubutu ne, kuma kowane ƙarin rubutu yana karanta abin da wani baƙo ya turo ta waya, a lokacin da babu wata kariya a injin. Ko U-Boot, da ke tayar da ɗimbin rautoci da ƙananan alluna a duniya, shekara da shekaru TFTP da NFS yake yi, sai wajen 2023 aka shigar masa da TCP da umarnin wget. Ba don masu rubuta shi ba su iya ba ne.

Ɗan_Kabi:
To GRUB fa? Shi ne lodan da nake amfani da shi a kan masu UEFI.

Injiniya_Gusau:
GRUB 2 yana da HTTP, kana iya rubuta (http,adireshin saba) ka bi da hanyar fayil. TLS, wato ɓoyewar da ke maida HTTP ya zama HTTPS, shi ne babu a cikin nasa. Ka gwada shi a kan injinanka ka auna da agogo, don ni na ga inda ya yi gudu na kuma ga inda ya yi ta jan ƙafa, ya danganta da katin.

Ƙaura_Boy:
Tunda an zo kan HTTPS bari in ba ku nawa labarin. A nan Ƙaura Namoda na gina iPXE da HTTPS, na gwada a kan laftof ɗina, komai ya tafi daidai. Na kai shi ɗakin kwamfuta, guda goma sha ɗaya cikin arba'in suka ƙi, suna cewa satifiket bai inganta ba. Fayil ɗaya, saba ɗaya, suwic ɗaya. Kwana biyu ina bincike, na sake gina satifiket har sau uku. Ashe batirin madabod ne, ɗan CR2032 ɗin nan mai kama da kwabo. Ya mutu, kuma duk dare ana kashe janareta, da safe agogon injin ya koma shekarar da aka ƙera shi. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, injin da ke ganin yana 2010 kuwa a wurinsa satifiket ɗin bana bai fara aiki ba tukuna. Na je kasuwa na sayo batura, matsala ta kau. Tun daga ranar duk injin gwanjo da ya shigo hannuna, batir nake fara canza masa kafin in share ƙura.

Mai_Kebul_Zuru:
Wallahi wannan ya taɓa faruwa da ni a burauza, ban taɓa kawowa zai hana kwamfuta tashi ba.

Bazamfare_Linux:
@Ƙaura_Boy akwai umarnin ntp a iPXE, in ka kunna shi lokacin gini. Sai ya gyara lokaci kafin ya taɓa HTTPS.

'YarArgungu:
Yana aiki, amma a lura da abin da aka yi. Ka ce ba ka yarda da netwok ba shi ya sa kake son HTTPS, sannan ka tambayi netwok ɗin nan dai ƙarfe nawa, ka yarda da amsar ba tare da shaida ba. Wanda zai iya yi maka ƙaryar lokaci zai iya sa ka karɓi satifiket ɗin da ya daɗe da ƙarewa. Batirin ya fi.

Kuma agogo ɗaya ne cikin matsaloli uku na HTTPS a loda. Na biyu, wa za ka yarda da shi? Burauza tana ɗauke da tushen satifiket sama da ɗari kuma ana sabunta mata su a kai a kai. Loda ba shi da wurin wannan, kuma wa zai sabunta shi bayan an ƙona shi cikin guntu? Ku tuna ranar 30 ga Satumba 2021, da tsohon tushen DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin na'urori da yawa suka kasa buɗe shafukan da ke amfani da Let's Encrypt. Na uku, TLS yana buƙatar lambobin da ba a iya hasashensu don haɗa makulli. Injin da ya tashi daƙiƙa uku da suka wuce, ba a taɓa linzami ba, ba a buga komai ba, ina zai samo su? Sababbin injina suna da umarnin RDRAND, wanda Intel ta fara sakawa a zuriyar Ivy Bridge a 2012. Waɗanda suka girme shi sai dai a tatsi ɗan bambancin bugun agoguna.

Tsohon_Teknisha:
Ni hwa ban ga abin da ya kai ku ga HTTPS cikin ɗaki guda ba. Saba taku, suwic naku, kebul ku kunka ja shi da hannunku. Wa kuke ɓoye ma? Kernel ɗin Linux ba asiri ba ne, kowa na iya sauke shi.

Ƙaura_Boy:
Baba, da girmamawa, wurin jarrabawa ne. Ba ɓoyewa ce damuwar ba, canzawa ce. Yaro ɗaya mai wayo ya zare kebul ya soka ƙaramar na'ura mai amsa DHCP kafin taka ta amsa, duk injin da ya saurare shi zai tashi da abin da shi ya ga dama.

Injiniya_Gusau:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma HTTPS ba ya toshe ramin da Ƙaura_Boy ya nuna. Matakin farko har yanzu DHCP ne da TFTP, kuma babu mai tambayar shaida a cikinsu. In yaron ya riga ka amsawa, nasa lodan zai miƙa, naka mai HTTPS ko tashi ba zai yi ba. Wannan aikin suwic ne: ka kunna DHCP snooping, ka ce ƙofa ɗaya tak ce aka yarda amsar DHCP ta fito daga cikinta. Sannan don tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ba, sa hannu ya fi ɓoyewa dacewa. iPXE yana da imgtrust da imgverify: ka sa wa kernel hannu da makullinka, ka tura shi ta HTTP tsirara, loda ya duba hannun kafin ya tayar.

Ƙaura_Boy:
Suwic ɗin da muke da su ba masu saiti ba ne, Injiniya. Irin na soka-ka-tafi ne. Mai wurin ba zai sayi manya ba.

Injiniya_Gusau:
To ka faɗa masa gaskiyar abin da kuɗinsa ya saya, a rubuce, ka ajiye kwafi.

Malamin_Yawuri:
Ina bin muhawarar tun safe. Ni malamin makaranta ne, ba ma'aikacin netwok ba, amma na karanta cewa sababbin kwamfutoci suna da HTTP Boot a cikinsu tun daga masana'anta. Wannan bai kashe maganar gaba ɗaya ba?

Bazamfare_Linux:
Malam, haka ne, tun UEFI 2.5 a 2015 aka shigar da shi cikin ƙa'ida. Injin yana aiko da HTTPClient a zaɓi na 60, sabar DHCP ta maido masa da kalmar tare da cikakken adireshin fayil, shi ke nan babu TFTP ko kaɗan. In ba ta maido da kalmar ba, injin zai yi kamar bai ji ba, kuma nan mutane da yawa ke maƙalewa. Matsalarmu ita ce abin da ke cikin ƙa'ida daban, abin da ke kasuwar gwanjo daban. Injinan ofis da ake kawo mana yawancinsu sun girmi wannan, wasu kuma sababbi ne amma kamfanin bai saka shi ba.

'YarArgungu:
Kuma shigar da shi cikin madabod bai rage wahalar ba, wurin zamanta kawai ya canza. A Janairun 2024 masu bincike na kamfanin Quarkslab a Faransa suka bayyana kurakurai tara a sashen netwok na EDK II, wanda kamfanoni da yawa ke gina UEFI ɗinsu a kansa. PixieFail suka kira su. Yawancinsu a ɓangaren IPv6 da DHCPv6 suke, akwai kuma na lambar farawa ta TCP da ake iya hasashenta. Ƙwararru ne suka rubuta wannan manhajar, manyan kamfanoni na dubawa, duk da haka abin ya wuce su. Gyaran kuma sai kamfanin da ya ƙera injinka ya fitar da sabon BIOS. Injin da ya shekara goma wa zai fitar masa? Malam Ɗan_Kabi, wannan ne dalilin da ya sa nake jin tsoron ka rubuta naka ka sa a ɗakin jarrabawa.

Ɗan_Mafara:
Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Ku yi amfani da netboot.xyz, komai yana kan intanet, ka zaɓa daga jeri kawai.

Injiniya_Gusau:
Ƙanena, kana Talata Mafara kake faɗin haka? Ka manta Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro? Makonni muka yi a Gusau babu kira babu data, wasu ƙananan hukumomin ma suka fi mu daɗewa. A lokacin ina kula da wani ɗakin kwamfuta, kuma abin da ya cece ni shi ne komai yana kan wata tsohuwar laftof a ƙarƙashin tebur. Wanda tashin injinansa ya dogara da wata saba a Turai, ranar sai dai ya rufe ƙofa. netboot.xyz yana da kyau a teburin gyara, ina amfani da shi, shi ma a kan iPXE aka gina shi. Amma ba na ɗora ɗaki guda a kansa. Ko lafiya lau ake, lissafa kuɗin data in injin 50 kowanne zai ja ɗaruruwan MB duk safiya.

Ɗan_Mafara:
Gaskiya ne Yaya, ban kawo wannan ba. Lokacin ina makaranta a Sakkwato.

Tsohon_Teknisha:
Maganar laftof ɗin ga ita ce maganata tun ɗazu. Ɗan_Kabi, mi za ya hana ka aje ƙaramar saba can Jega? Tsohuwar laftof mai batir, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa kafin a tada janareta. Da dare ta kwafo fayilolin daga Birnin Kebbi a hankali, da safe injinan Jega su ɗauka daga gare ta. Ping ya koma ƙasa da 1ms, TFTP ɗin da kake kuka da shi ya ishe ka. Ba TCP, ba satifiket.

Mai_Kebul_Zuru:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Cibiyar JAMB injin 250 ake nema, ban da na ajiya. In duka suka tashi lokaci guda kowanne ya ja MB 100 ta HTTP, MB 25,000 ke nan daga kati ɗaya. A layin gigabit sama da minti uku ne in komai ya tafi daidai. In kuwa akwai tsohon suwic mai 100 a tsakani, ya wuce rabin awa. HTTP kowa nasa kwafin yake ja.

Bazamfare_Linux:
Daidai. Shi ya sa in zuba Windows ko Linux gaba ɗaya a faifai ne, multicast ake yi, Clonezilla ko FOG, a tura sau ɗaya kowa ya kama. Amma shi ma ƙaramin tsarin da zai karɓi multicast ɗin sai an fara tayar da shi, kuma FOG da iPXE da HTTP yake yin wannan. Ka ga an dawo inda aka fara.

Malamin_Yawuri:
Ni dai ina roƙon kada a kashe wa bawan Allah gwiwa. In kowa ya ce an riga an rubuta, yaushe yaranmu za su san cikin abin? 'YarArgungu ba don ta sha wahalar nan ba da ba ta yi mana bayanin da ta yi yau ba. Ya rubuta, ko da ba zai kai shi ɗakin jarrabawa ba.

'YarArgungu:
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, Malam. Ya sa QEMU, mai kwaikwayon inji, a kwamfutarsa, ya buɗe Wireshark, mai nuna abin da ke wucewa ta netwok, a gefe, ya ga kowane gutsure da idonsa. Ya fara da HTTP/1.0 da adireshin lamba, babu DNS babu TLS. In ya kai inda zai jefar da gutsure da gangan ya ga lodansa ya farfaɗo, ya koyi abin da aji ba ya koyarwa. In yana so zan tura masa abin da na rubuta lokacin, da kurakuransa.

Ɗan_Kabi:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na je Jega na gwada shawarar Bazamfare_Linux. Na faɗa zagayen da Mai_Kebul_Zuru ya faɗa, na gyara da zaɓi na 77. Fayil ɗin da ke cin rabin awa ya sauka a ƙasa da minti biyu, har mai gadi ya leƙo jin kabbarar da na yi. Shawarar Baba ta ajiye laftof a can ma zan bi, na riga na samo wadda allonta ya fashe.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Injina shida masu BIOS, duk samfuri ɗaya, suna ɗauko undionly.kpxe, su rubuta sunan iPXE a allo, sai su tsaya cak a wurin neman adireshi. Masu UEFI guda huɗu kuma sun ƙi karɓar ipxe.efi da na gina sai na kashe Secure Boot, mai hana tayar da abin da ba a sa wa hannu ba, kuma ban san ko ya dace in bar shi a kashe a wurin jarrabawa ba. Malama 'YarArgungu, ina son rubutun nan, zan zauna da shi bayan an gama jarrabawar bana.

Bazamfare_Linux:
Na shidan nan, gwada ipxe.pxe a maimakon undionly, don ya yi amfani da direbansa ya rabu da UNDI na katin. Wasu katunan nasu UNDI ɗin a karye yake.

Injiniya_Gusau:
Kafin ka canza fayil, duba ko shidan a suwic ɗaya suke. In mai saiti ne kuma spanning tree na aiki, duk lokacin da loda ya sake kunna katin ƙofar takan yi kusan daƙiƙa 30 ba ta wuce da komai, DHCP kuma ya gaji da jira. Na Secure Boot kuwa, abin da ka gina da hannunka ba shi da sa hannun da madabod ya sani, dole ya ƙi. Ko ka shigar da makullinka cikin kowane inji, ko ka bi ta ƙaramin lodan nan shim da GRUB ɗin da Ubuntu ko Debian suka riga suka sa wa hannu.

Ƙaura_Boy:
In ya bi ta GRUB ya rasa imgverify ke nan. Ni da zan shigar da makullina, inji huɗu ne kawai.

Injiniya_Gusau:
Huɗu ne yau. Shekara mai zuwa in mai wurin ya sauke wasu tamanin fa?

Tsohon_Teknisha:
Ɗan_Kabi, shidan ga wane kati ne bisansu? Ka karanto muna lambar da ka fitowa ga allo kafin su tsaya.